Fayil Ɗin Da Ya Ceci Mushe Manzo

Akwai wani ma'aikaci a ƙasar Kurfai ta Nijar, jama'a, sunansa Manzo, ana ce masa Mushe Manzo, wato Malam Manzo da Faransanci. Shi ke kula da kwamfuta a wani ofishin rajistar haihuwa kusa da Filinge. Duk sunayen yaran yankin suna cikin wata tsohuwar na'ura, kuma wata 'yar manhaja ce kaɗai ke iya buɗe su.

Manzo bai yarda kowa ya koya ba. In Habsa sakatariya ta leƙo, sai ya juya fuskar na'urar.

"Madam, wanga ba aikin buga takarda ba ne. Koma wurinki."

A shekarar 2010 soja suka karɓi mulki, aka turo wani kaftin ya riƙe yankin. Ranar Litinin ya ce yana son takardun haihuwar duk yaran da za su zauna jarrabawa kafin la'asar ɗin Alhamis.

Ranar Laraba da safe na'urar ta ƙi tashi. Manzo ya yi ta fama har ya kwashe bayanan zuwa wata kwamfuta, amma manhajar ta lalace. Ya buɗe fayil, sai tarkacen alamomi, babu suna ko ɗaya.

Kaftin ya shigo, ya dubi allon, ya dubi Manzo.

"An ce kai kaɗai ka taɓa ta. In sunayen ga sun ɓace, zagon ƙasa ne. Gobe za mu gani."

Ya bar jandarma biyu a bakin ƙofa. Manzo ya tuna da wani ma'aikaci da aka ce an tafi da shi Yamai a bayan mota, har yau matarsa na jira. A waje kuma iyaye sun fara taruwa.

Habsa ta jawo kujera. "Mushe Manzo, mi ne sunan manhajar?"

Ya faɗa mata. Ya ƙara da abin da bai taɓa gaya wa kowa ba: shi ma gadarta ya yi, bai san yadda aka gina ta ba.

Suka haɗa intanet, wadda ke tafiya da ƙyar. Shafin wanda ya ƙirƙiri manhajar ya daɗe da mutuwa. Manzo ya dafe kai. Habsa ta ce a gwada rumbunan intanet da ke adana tsofaffin shafuka. Suka bi ɗaya bayan ɗaya, har aka tashi aiki ba su samu ba.

Alhamis da hantsi suka ci karo da shi a wani rumbu: asalin rubutun manhajar, wanda ake kira kod, tare da littafin bayaninta. A saman littafin mutumin ya rubuta da Faransanci cewa duk mai buƙata ya ɗauka, ya gyara, ya ba wani.

Sau biyu layi na yankewa ana cikin saukewa. Wani jandarma ya leƙo ya ce, "Saura awa uku."

A karo na uku ya sauka. Habsa na karanta bayanin layi-layi, Manzo na bi, zufa na ɗiga a kan maɓallai. Ya haɗa manhajar, ya buɗe fayil. Suna na farko ya fito. Sai na biyu. Sai allon ya cika.

Da kaftin ya zo ya tarar da takardu a jere, ya ce, "Wa ya yi aikin?"

Manzo ya sunkuyar da kai. "Ranka shi daɗe, Madam Habsa ce. Ita da wani bawan Allah da ko fuskarsa ban sani ba."

Kaftin ya janye jandarmominsa. Washegari Manzo ya tara ma'aikatan ofishin duka, ya raba musu kwafin littafin, ya ce, "Ku matso. Daga farko za mu soma."

Darasi: Ilimin da ka ɓoye ba zai tsare ka ranar tsoro ba. Manzo ya kuɓuta ne saboda wani ya bar nasa a buɗe. Rubuta abin da ka sani, ka koya wa na kusa da kai. Ku tura wa abokan aikinku su ma su karanta.