Gonar da Burgu Ya Saya Daga Nesa

An yi wani Burgu mai girman kai a wani ƙauyen dabbobi can kan tudu. Mahaifinsa ya rasu da kaka, ya bar masa gona guda da rumbun gyaɗa, ya kuma bar masa tsohuwa, wato mahaifiyarsa Gafiya. Gonar ƙarama ce, ga tsakuwa, amma duk kunyar da ke cikinta hannun marigayin ne ya tayar da ita. Tsohuwa kan je ta zauna a bakin gonar, ba don wani aiki ba, don dai iskar wurin tana kawo mata ƙamshin mijinta.

Shi kuwa Burgu gani yake gonar ta yi masa kaɗan.

Wata rana sai ga Dinya ta sauka a ƙofar raminsa. Dinya tsuntsuwa ce mai yawon ƙasashe, bakinta ya fi zuma zaƙi.

"Ranka ya daɗe, ashe kai ne magajin?" in ji ta. "Kamarka da 'yar gona kamar faifai? Ina da fili can kudu, bayan duwatsu. Ba tsakuwa, ba ƙaya, ba maƙwabcin da zai ja iyaka da kai. Ka saya ka zuba masu haya, kana kwance a gida amfani yana biyo ka."

Burgu ya lashe baki. "Me zan bayar?"

"Gonarka da rumbunka, don dai kai ne."

Tsohuwa ta leƙo daga cikin rami. "Ɗan nan, ubanka bai taɓa sayen ƙasa ba sai ya taka ta da ƙafarsa, ya tona ya shinshina, ya gaisa da maƙwabta. Ka tashi ka je ka gani."

"Haba Inna! Ni ne zan ratsa duwatsu kamar ɗan aike? A zamanin nan mai hali aikawa yake yi."

Sai ya kira Tsattsewa, 'yar tsuntsuwa mai gaggawa, wadda ba ta bari a gama yi mata magana. Kafin ya ce "ki duba mini da kyau" ta riga ta ɓace a sama.

Ta dawo tana shawagi a kansa tana haki. "Burgu, ban taɓa ganin irinta ba! Kore shar, shimfiɗe kamar tabarma, iyakar ganinka. Ko dutse ɗaya babu!"

"Kin ji ko, Inna?"

Tsohuwa ta koma cikin rami. Aka tara shaidu, aka kwashe rumbu, aka miƙa gona. Dinya ba ta ɓata lokaci ba, ta sayar wa Beguwa da gonar, ta yi gaba. Beguwa kuwa ta kewaye ta da shingen ƙaya, ta ce ba ta son masu zama a bakin gonarta.

Da damina ta kankama, Burgu ya sake aiken Tsattsewa ta gano masa wuri kafin ya nemi masu haya.

"Albishirinka!" in ji ta da ta dawo. "Gonarka ta ƙaru! Ta ninka yadda na bar ta!"

Burgu ya yi sororo. "Ta ƙaru? Gona tana ƙaruwa?"

"To ni dai abin da na gani ke nan."

Sai kwaɗayi ya rufe wa Burgu ido. Ya fita yana shela a gari. "Ku zo ku ji! Ku gonakinku hatsi suke haifa, tawa kuwa gona take haifa!"

Bayan an yi wata iska mai ƙarfi, ya kuma aiken ta. Wannan karon ta daɗe, kuma da ta iso ba ta yi albishir ba.

"Burgu, gonarka ba ta nan."

"Ba ta ina?"

"Inda na bar ta. Sai da na nema, na same ta can gabas. Kuma ta rabu biyu."

Burgu ya miƙe zumbur. Wanda ya ce ba ya tafiya, ranar nan ko sallama bai tsaya yi wa tsohuwa ba. Ya hau duwatsu, ƙaya ta soke shi, farcensa ya ƙare, Tsattsewa na gaba tana nuna hanya.

Da suka gangaro, sai ga ta. Wallahi kyakkyawa ce. Kore shar, rana na wasa a kanta, kamar an shimfiɗa wa sarauniya darduma. Zuciyarsa ta ɗan kwanta.

"Ga ta nan kuwa! Ke dai kin cika tayar da hankali."

Ya ja da baya, ya zabura, ya daka tsalle tsakiyar gonarsa.

Tsundum!

Ashe tafki ne. Kainuwa ce ta lulluɓe ruwan, ganye a sama, zurfi a ƙasa. Burgu ya nutse, ya taso, ya sha ruwa, ya kama ganye ganyen ya bi shi. Da ƙyar ya rarrafo bakin gaɓa yana tari, laka har kunne.

"Tsattsewa! Kin kashe ni! Ruwa ne!"

"Ruwa?" Ita ma sai da fikafikanta suka tsaya. "La ila! Ni daga sama kore nake gani."

"Ba ki sauka kin taka ba?"

"In sauka? Kai ka taɓa ganin tsattsewa a ƙasa? Dubi ƙafafuna, na tsayuwa ne? Ka aiki mai fiffike ya gano maka ƙasa, sannan ka zo kana yi mini ihu!"

Burgu ya zauna a bakin gaɓa. Iska ta taso a hankali. Yana zaune yana kallo, gonarsa ta kama hanya, tana tafiya sannu sannu zuwa ɗaya gaɓar, ba ta ko waiwaye shi ba.

Ya koma gida a rame. Ya tarar da tsohuwa zaune a bayan shingen ƙaya, tana leƙen gonar ta 'yar kafa. Ya durƙusa ya faɗa mata komai.

"Ubanka ya bar maka ƙasa," in ji ta, "ka musanya ta da ganye."

Ya je wurin Beguwa yana roƙo a mayar masa. Beguwa ta girgiza ƙayoyinta. "Ciniki ya faɗa, shaidu suna nan. Amma in ƙwadago kake so, ga fartanya."

Haka Burgu ya karɓa. Kullum yana sunkuye yana noma wa Beguwa kunyoyin mahaifinsa, hawaye na ɗiga a kan tsakuwar da ya raina.

Darasin wannan labari shi ne, yara, duk abin da za ku ba da naku don ku samu, ku je ku taka shi da ƙafarku. Ɗan aike yana iya faɗin gaskiya, amma iyakar abin da idonsa ya hango zai faɗa. Kuma kada girman kai da kwaɗayin na nesa su sa ku saki ɗan abin da iyaye suka bari, domin wani abin in ya fita hannu, kuka ba ya dawo da shi.