Minti Talatin a Cikin Duhu

Akwai wani dattijo mai gyaran agogo, wanda idan ya rufe shago ba abin da ke faranta masa rai kamar kallon taurari. Yana da ɗan madubin hangen nesa da ya saya na hannu. Ƙafar madubin ɗaya ma da waya aka ɗaure ta.

Duk daren da babu farin wata, shi da masu irin sha'awarsa sukan haɗu a wani fili a bayan gari. Dokarsu ɗaya ce: ba a kunna farar fitila, sai 'yar ja. Ido sai ya yi minti talatin a cikin duhu kafin ya iya ganin abin da ke can nesa, kuma haske ɗaya ya isa ya mayar da mutum farko.

Shugabansu wani injiniya ne. Nasa madubin sai mutum biyu ke sauke shi daga mota. Lamba kawai yake dannawa, na'ura ta juya da kanta ta nemo masa abin da yake so.

"Baba, yau ma ka zo da mazurarin naka?" Haka yake gaishe da dattijon, yana nufin ɗan madubinsa. Shi kuwa sai ya yi murmushi.

Shekara da shekaru dattijo yana ba matarsa labarin wani ɗan tabon haske a sama, kamar hayaƙi, wanda ya ce taurari ne tuli da ba su ƙirguwa. Ita kuwa dariya take yi. "Malam, hayaƙin murhuna ma ya ishe ni."

Sai likita ya ce hawan jinin ido ya cinye mata ido ɗaya, ɗayan ma saura kaɗan.

Ranar da suka dawo daga asibiti ta daɗe zaune a bakin gado. Can ta ce, "Malam, kai ni in ga hayaƙin nan naka."

Ya kai ta. Ya zaunar da ita a kujera, ya rufa mata mayafi a fuska, ya ciro agogonsa yana dubawa da jar fitila. Hadari ya fara haɗowa daga gabas. Da hannu ya bi sama, daga wannan tauraro zuwa wancan, har ya samo tabon.

"Minti talatin ya cika. Taso a hankali."

Ta yaye mayafin. Ta sunkuya kan madubin ke nan, sai farin haske ya watsu a fuskarta. Injiniya ne, ya kunna fitilar waya yana ɗaukar bidiyo.

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Makauniya da mazurari!"

Wasu suka fashe da dariya. Wata malamar asibiti a cikinsu ta ce, "Haba Shugaba, doka fa!"

"Ni na kafa dokar. Mai ido biyu ma me ya taɓa gani a wannan abin?"

Tsohuwa ta lalubo hannun mijinta. "Malam, kore-kore kawai nake gani."

"Ba komai. Mu sake ƙirgawa."

A minti na ashirin hadari ya rufe sama. Daga nan damina ta sauka. Kafin sama ta sake washewa, idon ya tafi.

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Sai ma ta riƙa binsa filin, ta zauna kusa da shi yana faɗa mata abin da yake gani.

Bayan wasu watanni aka ce tauraruwa mai wutsiya ta fito, amma sai da madubi ake ganinta. Injiniya ya gayyato manyan wurin aikinsa, har da surukinsa. Ya danna lamba. Shiru. Batir ya mutu.

Mutumin da bai taɓa sanin sunan tauraro biyar ba, ina zai dosa? Ya duƙufa a kan wayarsa yana neman taswira, gumi na zuba.

Surukin ya ce, "Yaro, sauro ka kawo mu ciyarwa?"

Cikin minti biyu dattijo ya samo tauraruwar da mazurarinsa. Baƙi suka yi layi, kowa ya leƙa sai ka ji "Allahu Akbar!"

Injiniya ya zo a ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, ko zan ɗan..."

Dattijo ya matsa masa. Injiniya ya leƙa, ya sake leƙawa. Hasken waya ya riga ya cika masa ido.

"Ni ban ga komai ba."

Daga kan kujera tsohuwa ta juyo da fuskarta wajen muryar. Ta gane shi.

"Ɗana, zauna a cikin duhu minti talatin, za ka gani. Ni ma haka aka ce mini. Ga ni nan, har yanzu ina zaune."

Babu wanda ya yi dariya. Surukin ya tambayi malamar asibiti me ake nufi, ta kuwa gaya masa tas. Daga ranar ba a sake ganin motar injiniya a filin ba.

Darasi: Kada ka mayar da mutum abin dariya don ka ga abin hannunsa ƙarami ne. Wasan da ka yi na daƙiƙa ɗaya yana iya zama damar ƙarshe ta wani, kuma ba kowace ɓarna ake gyarawa da "yi haƙuri" ba. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya kashe fitilarsa tun kafin ya cutar.