Ɓular Rufin da Ta Fi Amarya Hoto

Akwai wani mutum da ake kira Mai Hawaye, shugaban wata gidauniya mai tallafa wa makarantun firamare. Ba ɓarawo ba ne, kar ku ce na ce. Abin da aka ba shi yana kai shi inda aka ce ya kai. Sai dai Allah Ya yi masa wata baiwa: in ya riƙe makirfo a taron neman gudummawa, idonsa na dama kan fara zuba tun kafin ya gama sallama. An ce albasa ma in ta gan shi sunkuyar da kai take yi.

Gidauniyar ta buɗe ajin yamma a wata firamare. Bayan an tashi, yara su zauna su yi zane, su karanta labarai, su koyi tsayawa gaban mutane su yi magana. Malama ɗaya ce ke riƙe da ajin, yara na ce mata Anti. Littattafan kuwa wata Hajiya ce ta bayar. Mijinta ya rasu ya bar mata su ɗaki guda, ta kwashe ta kawo, ta ce ladan ya riƙa samunsa a kabari.

A rufin ajin akwai wata ɓula kamar bakin bokiti. Wannan ɓula ita ce jarin gidauniya. A tsayar da yaro a ƙarƙashinta, haske ya sauko masa a ka, a ce ya ɗaga ido kuma kar ya kuskura ya yi dariya, sai ƙyas! Hoton ya shiga wayoyi, ya hau katin gayyata, ya zaga ofisoshin kamfanoni. Ran liyafa ana gwanjon zanen yara, ana haska hoton ɓular a bango, Mai Hawaye na sharɓa kuka, masu hali na laluben aljihu. Da abin da aka samu ake sayen fenti da takarda, a ba Anti ɗan alawus. Rufi kuwa kullum sai bayan taro mai zuwa.

Wata rana Anti ta ce masa, "Ranka ya daɗe, damina fa ta matso. Na gaji da jan kantar littattafai daga wannan lungu zuwa wancan."

Ya yi murmushi. "Anti, ke alli kika sani, ba ki san zuciyar mai kuɗi ba. Wa kika taɓa gani ya yi kuka don ya ga lafiyayyen rufi?"

To akwai wani kafinta da 'yarsa ke ajin. Ran da aka yi yayyafin farko ta koma gida da zanenta a jiƙe, tana kuka. Washegari sai ga shi da tsani da sabon kwano a ka.

"Ni ba ni da rigar zuwa liyafa," in ji shi, "amma ina da guduma."

Kafin azahar ya rufe ɓular ruf. Anti ta yi ta sa masa albarka. Don murna ta ɗauki hotonsa a kan tsani, ta tura wa duk wanda ta san yana ƙaunar ajin.

Ba a daɗe ba Hajiya ta aiko cewa za ta kawo ziyara ranar Litinin. Mai Hawaye ya zo duba wuri tare da mai ɗaukar hoto. Ya ɗaga kai, ya ga kwano na sheƙi.

"Innalillahi! Wa ya yi mana wannan ɓarnar?"

Aka kira kafinta. Mai Hawaye ya ja shi gefe, ya ce ya taimaka ya cire.

"In cire? Yallaɓai, tun da na fara sana'a ba a taɓa ɗaukata in ɓula rufi ba. Wannan ai aikin tsatsa ne."

"Na kwana biyu ne kawai. Hajiya na gani ta buɗe jaka, sai ka mayar da abinka."

"Ka gaya wa hadari haka? Shi fa ba ya jiran katin gayyata."

Ya karkaɗe rigarsa ya tafi.

Ran Asabar Mai Hawaye ya ɗauko leburori. Su kuma don su burge mai aiki, suka ɓamɓare sabon kwanon har da tsohon da ke maƙwabtaka da shi. Ɓular da ke kamar bakin bokiti ta koma wadda raƙumi zai faɗo ta ciki bai goge tozonsa ba. Ya sa aka turo kantar littattafai daidai ƙarƙashinta, aka jera zanen yara a gefe.

"Don Allah ka bari in kwashe su zuwa Litinin da safe," in ji Anti.

"Ɓula ba littafi a ƙasa ai rami ne kawai. Kawo mukullin."

Ta dube shi, ta tuna alawus ɗin nan shi ke sayen maganin mahaifiyarta. Ta miƙa.

Ran Lahadi da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Anti ta fito a guje ko takalmi babu. Ta kira Mai Hawaye, waya a kashe. Ta tsaya a taga tana kallon ruwa na zuba kan kanta kamar da bakin ƙwarya. Kafin a nemo kafinta ya fasa kwaɗon ƙofar, aikin gama ya gama.

Litinin Hajiya ta shigo a hankali. Littattafai sun kumbura sun manne da juna. Launin zanen yara ya malale a ƙasa, ja da shuɗi duk sun zama laka. Yaran na tsaye jikin bango, yau ba wanda ya ce musu kar su yi dariya.

Mai Hawaye ya gyara murya. "Hajiya, kin dai ga halin da 'ya'yan talakawa..."

Ta ɗaga masa wayarta. Ga kafinta a kan tsani, ga sabon rufi.

"Anti ce ta turo min," in ji ta. "Na ce wurin da uba zai hau tsani da kansa ya cancanci sabon gini. Da magini na zo, yana cikin mota."

Ta sunkuya ta ɗauki wani littafi. Sunan mijinta da ya rubuta da hannunsa a shafin farko ya narke, sai tabo.

"Da wannan ya koya wa ɗanmu karatu."

Ta naɗe shi a mayafinta, ta fita. Ba ta zagi kowa ba.

Nan Mai Hawaye ya fashe da kuka, wannan karon da ido biyu, kuma na gaskiya. Ba wanda ya miƙa masa hankici. Labari ya rigaye shi zuwa ofisoshin kamfanoni. Liyafar da ta biyo baya kujeru ne suka saurari jawabinsa.

Aka rufe ajin yamma. Anti ta koma darasin safe kaɗai. Kafinta ya zo ya mayar da kwanonsa har da tsohon da aka ɓamɓare, 'yarsa na riƙe masa ƙusa. Har yanzu in an tashi yarinyar takan leƙa ta tagar ajin kafin ta wuce gida.

Rufin yanzu ko ɗigo ba ya yi. Babu dai abin da ya rage a ƙarƙashinsa da zai jiƙe.

Darasi: In kana roƙo domin mai rauni, kar raunin ya zama jarinka har ka ji haushin ranar da ya warke. Mai bayarwa yakan gaji da hawaye, amma ba ya gajiya da ganin gyara. Ku tura wa duk wanda ke tara wa yara gudummawa, musamman wanda idonsa ke saurin kawo ruwa.