Ambulan Masu Shara a Cikin Kwando

An ce wai a wata ƙaramar hukuma an yi wani mai sharar kasuwa, sunansa Barau, uban 'ya'ya shida, shekararsa goma sha tara yana riƙe da tsintsiyar hukuma. A wurin nan akwai dokar da Ma'aji ya kafa: ranar biya ɗaya bayan ɗaya ake shiga ofis, a dangwala yatsa, a karɓi ambulan a liƙe, kuma duk wanda ya faɗi abin da ke ciki, a bakin aikinsa. Neman ƙarin albashi ma haka ake yin sa, kowa shi kaɗai, ƙofa a rufe. Sau huɗu Barau yana shiga, sau huɗu ana ce masa babu kuɗi.

Wata ranar biya aka yi kuskure, aka miƙa masa ambulan Sallau, ƙanen matar Ma'aji, wanda aka ɗauka bara a mataki ɗaya da shi. Da ya buɗe, sai ya ga ninkin nasa. Ya tuna ɗansa da aka koro daga makaranta a watan nan saboda rashin biyan kuɗi. Ya mayar da ambulan, ya fito tsakar sakatariya ya faɗa wa kowa. Kafin la'asar an rubuta masa takardar kora.

Barau ya kai kuka gaban Kantoma, wani dattijo mai ƙarancin magana, Alhaji Tukur. Kantoma ya ce a dawo ranar biya mai zuwa. Wata guda Barau bai ji daɗin tuwo ba.

Ranar zama, Ma'aji ya ce dokar rufin asiri ce, domin ba magidancin da ke son surukai su san abin da yake samu. Ya kuma rantse cewa masu shara goma sha biyun nan albashinsu ɗaya ne, Barau ƙarya ya yi.

Barau ya miƙe. "Ranka ya daɗe, asirin wa aka rufa? Nawa dai a buɗe yake, duk mai shagon unguwarmu ya san shi. Shekara goma sha tara ina kwashe ƙazantar garin nan!"

Kantoma ya ce maganar Ma'aji tana da nauyi, kuma lalle Barau ya karya doka. Daga nan Kantoma ya sa aka kawo ambulan sha biyun na wannan wata, har da na Barau da aka riƙe, aka kife su cikin kwando, aka cuɗa.

"Tunda duk ɗaya ne, kowa ya sa hannu ya ɗauki wanda ya samu."

Mutum takwas suka matso. Sallau da wasu uku suka tsaya cik. Da aka miƙa wa Sallau kwandon, sai ya dubi Ma'aji ya ce, "Yaya, ai nawa ba irin nasu ba ne."

Kantoma ya ce, "To, ga na biyu ya faɗi abin da ke cikin ambulansa. Ma'aji, mu kore su tare?"

Nan take aka yage takardar Barau, aka karɓi makullan Ma'aji, aka zazzage ambulan aka raba daidai. Kantoma ya yi umarni a rubuta albashin kowane mataki a allon ƙofar sakatariya, ba tare da sunan kowa ba, neman ƙari kuwa a yi shi a zaure gaban wakilan ma'aikata.

Barau bai iya karatu sosai ba. Washegari ya zo da ɗansa, sanye da kayan makaranta, ya karanta masa allon har sau biyu.

Sirrin da mai biya ya fi mai karɓa son a ɓoye, ba don mai karɓa aka ɓoye shi ba.