Karsanar Inna Yalwa

Ku ajiye wayoyin nan ku ba ni hankalinku, don labarin nan akwai shari'a a ƙarshensa, kuma ku ne alƙalan.

A garinmu akwai wata dattijuwa, Inna Yalwa, matar Malam Ɗanjuma mai ɗinkin hula. 'Ya'yanta uku: Tukur ne babba, sai Barira, sai auta Suwaiba. Aure ya kai Barira wata ƙasar Turai mai sanyi, inda mijinta Lawandi yake aiki. Da Allah ya ba ta ciki ba ta faɗa wa uwarta ba, kun dai san kunyar cikin fari. Inna ce ta gano da kanta, ran da suna hira ta bidiyo ta ga hancin 'yarta ya buɗe, fuska ta cika. Ba ta tambaya ba. Ta yi lissafinta a zuci, ta ce haihuwa ta kusa. Ta sa aka nema mata bizar ziyara, ta ƙulle kanwa da yajin jego, ta nemi izinin Malam zuwa kaka, ta hau jirgi.

Ashe Inna ta yi gaggawa. Cikar fuska ce ta ruɗe ta, cikin bai ko kai rabi ba.

Zama dai ya yi daɗi. Inna ta saba da murhun lantarki da rigar sanyi, ta cika gidan da ƙamshin daddawa. Sai dai akwai abin da ba ta sani ba. An ce mata bizar ta shekara ce, ta ɗauka shekarar za ta iya yi a zaune, alhali ran da ta sauka an buga mata hatimi a fasfo mai wa'adin da bai kai haka ba. Ita ba ta karanta boko, ta naɗe fasfon a ɗankwali ta cusa a ƙasan jaka. Lawandi ya san ana buga irin wannan hatimi, amma ta yaya zai ce wa surukarsa ta kawo fasfo ya duba? Ai sai ta ce kwanakinta yake ƙirgawa. Barira ta san watan haihuwarta, amma ba za ta iya furta shi a gaban uwa ba. Mutum uku a gida ɗaya, kowa na yi wa kowa kara, wa'adi kuwa yana ta matsowa. In ya cika Inna tana ƙasar, ta zama mai karya doka, da wuya a sake barinta ta shigo. In ta tafi kafin ya cika, Barira za ta haihu ba uwa a kusa, ba mai dafa mata ruwan wanka, ba mai dama mata kunun kanwa.

Suwaiba ce ta fasa shirun. Auta ce, bakinta ba linzami, kuma ta taɓa jin yadda irin wannan ya rutsa da uwar wata ƙawarta. Da ta ga damina ta yi nisa ba labarin haihuwa, sai ta kira su ta bidiyo suna zaune gaba ɗaya, ta ce, "Yaya Barira, cikin nan wata nawa ne? Inna, ɗauko fasfonki mijin Yaya ya duba hatimin."

Inna ta ce, "Ke, wace irin rashin ta-ido ce wannan?"

Ta ce, "Ki yi mini faɗan daga baya, Inna. Yanzu dai ɗauko."

Aka ɗauko. Barira ta faɗi watan, kanta a ƙasa. Aka ga wa'adi ya kusa cika, haihuwa kuwa da saura. Inna ta daɗe tana fushi da autarta, amma a ranar, a kan sallaya, ta yi alkawari a zuci: in Allah ya nufa ta ga haihuwar nan, ta yi wa Barira wankan jego har arba'in, to karsanarta da ke wajen Fulani ta wanda ya zama sanadi ce.

Sai Lawandi ya tashi tsaye. Ya bincika, aka ce masa hanya biyu ce: ko Inna ta koma gida ta sake neman shigowa, wanda jiransa zai iya wuce haihuwar, ko a nemi ƙarin wa'adi tun na farko bai cika ba, da dalili mai ƙarfi. Ya karɓo shaidar likita, ya tsaya wa Inna a kan ci da sha da wurin kwana, ya kai ta ofishin shige da fice. Can ne ya ga ta kansa. Ma'aikaciyar ta ce daga bakin Inna take son ji, ga shi ba tafinta, dole shi ya zama tafinta. Yaushe 'yarki za ta haihu? Wane irin wanka ne wannan da sai uwa? Me ya sa mijinta ba zai yi mata ba? Duk sai da ya juya wa surukarsa waɗannan tambayoyi da Hausa, ya mayar da amsarta. Shi idonsa a kan takalminsa, ita ta ja mayafi ta rufe fuska. Cikin sanyin nan gumi ya jiƙa masa riga. Ni har yau in na tuna sai na tausaya wa yaron nan. Amma bai tsallake ko tambaya ɗaya ba, kuma aka ba Inna ƙarin da zai kai ta bayan arba'in.

Suna komawa gida ana murna, Inna ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma ni tafiya zan yi. Izinin da Malam ya ba ni zuwa kaka ne, kuma ga kaka ta yi."

Kowa ya san Malam Ɗanjuma. Ga ciwon gwiwa, ga shi ba ya cin tuwon kowa sai na matarsa, kuma in ya faɗi magana ba ya son a dawo masa da ita. Da labari ya kai wa Tukur, bai roƙe shi ta waya ba. Ya bar shagonsa na birni a hannun abokinsa, ya kwaso matarsa da 'ya'yansa suka tare a gidan. Shi ya yanke gero ya ɗaure dammuna, shi yake shafa wa tsohon man zafi a gwiwa, matar Tukur ta yi ta gwada tuwo har Malam ya daina ture kwano. Tukur bai tayar da maganar ba sai da ya ga tsohon ya sake, jikoki na hawa kansa. Sannan wata rana bayan la'asar ya durƙusa ya ce, "Baba, Barira ba ta sauka ba tukuna."

Malam ya ci gaba da ɗinkinsa har Tukur ya fara fid da rai. Can ya ce, "Ka ce wa uwarku ta zauna ta gama abin da ya kai ta. In za ta taho, ta zo mini da irin rigar sanyin nan."

Barira ta haifi namiji lafiya, Inna na kusa. Da butar lantarki aka riƙa dafa ruwa, aka yi wanka safe da yamma, aka sha kunun kanwa har arba'in. Inna ta baro ƙasar kafin sabon wa'adinta ya cika, fasfonta ba tabo, duk ran da ta so ganin jikanta hanya a buɗe take. Ta iso gida da rigar Malam, zuciyarta fari ƙal. Sai da ta huta ta faɗi alkawarin da ta yi a kan sallaya, gida ya kaure da gardama. Wasu suka ce da Suwaiba ta yi shiru, da kunya ta cinye wa'adin ba wanda ya sani. Wasu suka ce magana ba ta buga hatimi, Lawandi ne ya sha gumin. Wasu kuma suka ce ko da Turawa sun ba ta shekara goma, da Tukur bai shawo kan Malam ba, Inna jirgi za ta hau.

Karsana dai ɗaya ce, ba a raba ta uku. Bafulatanin da ke kiwonta ma ya aiko cewa ta ɗauki ciki, ita ma ba ta faɗa wa kowa watanta ba. To, ku da kuka ji labarin, tsakanin Suwaiba da Lawandi da Tukur, wa Inna Yalwa za ta miƙa wa igiyar?