Zaman Rabon Hajjo

An ce a garin Gamji Uku an yi wani dagaci mai suna Ɗanliti. Ɗansa Sallau ya rabu da matarsa Lantana bayan zaman shekara tara, suna da 'ya ɗaya, Hajjo. Dagaci ya rantse jikarsa ba za ta bi uwarta ba. Ranar da dangin biyu za su zauna, da hantsi ya aika aka kira Gwaggo Tasallah, tsohuwar da ake kai wa rikicin aure.

Ya ce, "Gwaggo, ki lallashe su su bar mana yarinyar nan, uwar ta kama gabanta."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka ji labarin Mati marini tukuna."

Ya ce, "Ina jin ki."

Ta ce: Mati ya saki matarsa Asabe, ya riƙe 'yarsu, ya hana uwar ko leƙo ƙofar gida. Dangin Asabe suka roƙi wani dattijon wanzami ya shiga tsakani. Ya je ya iske Mati a bakin karofi, ya ce, "Ɗana, bari in ba ka labarin wani falke da na taɓa yi wa aski.

"Falken nan ya haura hamsin, ga raƙuma, ga iyali. Amma duk kasuwar da ya sauka, sai ya je rumfar masu daddawa ya tsaya, ba ya saye. Na tambaye shi dalili. Ya ce yana ɗan shekara biyar ubansa ya raba shi da uwarsa, fuskarta ta ɓace masa, abin da ya rage kawai shi ne zanenta yana ƙanshin daddawa. Da ya girma ya yi ta cigiya har ya gano ƙauyenta, ya tarar ta rasu shekara biyu da suka wuce. Ƙanwarta ta fito masa da wani kwando cike da huluna. Ashe kowace Sallah sai uwar ta saƙa masa hula, tana ƙara faɗinta kaɗan, tana kintacen girman kansa. Ya gwada ta ƙarshe, ta yi masa daidai. Mati, uban falken nan ya yi nasara rana ɗaya, ɗan kuwa har yau bai daina nema ba."

Idon Mati ya kawo ruwa, ya ce, "Baba, na ji. A bari bayan damina zan kai wa Asabe yarinyar." Kafin damina ta wuce aka yi fari, mutanen Asabe suka yi ƙaura gabas, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ranka ya daɗe, Mati ba mugu ba ne. Jinkiri kawai ya yi.

Dagaci ya ce, "To, yarinyar fa?"

Gwaggo ta gyara lulluɓinta, ta ce, "Ga ta zaune a gabanka. Shekarata saba'in da huɗu. Har yau in na ji baƙuwa daga gabas ta sauka a garin nan, sai na je na tambayi sunan uwarta."

Dagaci ya juya, ya ce wa Sallau, da ke zaune a bakin zaure, "Tashi ka shigo da Lantana da iyayenta. A shimfiɗa mata tabarma a nan ciki. Auren ya ƙare, na yarda, amma Hajjo gidan uwarta za ta zauna, mu mu riƙa zuwa. Gwaggo, ki tsara mana yadda za a yi, yau ɗin nan."