Yadda Balarabe Ya Yi Ƙwadago a Gonarsa

Kai Surajo, rufe min baki. Duk mutanen gidan nan, ni ka ga ta tambaya ko gaskiya ne ɗan ƙwallon nan zai sauya ƙungiya? Ban taɓa zama a aji ba, amma ban taɓa sakin abin hannuna don maganar bakin wani ba. Ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

Akwai wani saurayi a Kiru, Balarabe ɗan Maikano, tun kafin mulkin kai, lokacin ba a ma yi mafarkin dam a Tiga ba. Malaman elemantare ne suka kawo mana ƙwallo. Balarabe ba takalmi yake bugawa, amma in ya ɗauko ƙwallo sai dai a bi shi da ido. Kansa kuwa ya kumbura.

Akwai kuma Rufa'i, mai bin motar gyaɗa zuwa Kano. Shi kaɗai ke dawowa da jarida. Ran kasuwa sai ya hau buhu ya karanta wa mutane, in ya ce an buga, magana ta ƙare.

Ana jiran ruwan shuka Rufa'i ya karanto cewa wata babbar ƙungiya a Kano ta ɗauki Balarabe, har za a ba shi takalmi da ɗaki. Kasuwa ta ruɗe. Masu fura suka bar ƙwaryarsu suka zo ganin sunan ɗan garinmu a takarda, alhali ba mai iya karanta shi.

Maikano ya ce wa ɗansa ya dakata, ya shuka gayaunarsa, gonar da ya yanka masa, har sai mutanen ƙungiyar sun zo da ƙafarsu.

"Baba, jarida ce fa ta faɗa," in ji Balarabe. "Ni da sunkuyo har abada."

A gaban dattawa ya ba maƙwabcinsu Mudi aron gonar. Mudin da yake wa dariya wai ƙafafunsa kamar taɓarya. Har fartanyarsa ya jefa masa, ya ce ya riƙe ta tunawa. Kun dai san gonar aro, in an shuka ba a karɓa sai an girbe.

Ya hau mota ya tafi. A bayansa ruwa ya sauka, Mudi ya shuka dawa.

A Kano mai horar da 'yan wasan ya dube shi sama da ƙasa, ya ce bai taɓa jin sunansa ba, Kiru ma bai san hanyarta ba. Balarabe ya nemi wurin masu jaridar, ya tambayi wa ya ba su labarin. Suka ce ai wani mutumin Kiru ne ke kawo musu labaran yankin, Rufa'i.

Kun ji? Shi ya kai, su suka buga, shi ya dawo ya karanta mana a matsayin shaida. 

Da Balarabe ya dawo, Maikano ya tare Rufa'i a tsakiyar kasuwa ya tambaye shi a ina ya ji. Rufa'i ya ce yaron mota ne ya gaya masa wani mai gajeren wando ya taɓa tambayar sunan yaron a bakin fili.

"Shi ke nan?" in ji Maikano.

Rufa'i ya ce, "To Baba, mai tambayar suna ai so yake. Ni gaba kawai na yi musu."

Muna tsammanin kunya za ta kashe shi. Ina! Kasuwa ta gaba ya sake hawa buhu, ya ce Balarabe ne ya ƙi Kano, don wata ƙungiya a Zariya ta fi su tayi. Wallahi akwai waɗanda suka sake yarda.

Balarabe kuwa ya je wa Mudi da zancen gona. Mudi bai ɗaga murya ba. Ya ce dawa ta riga ta tsiro, sai kaka, amma yana neman mai noma. Ya shiga ɗaki ya fito da fartanyar nan ya miƙa masa.

Duk daminar Balarabe na sunkuye a gonarsa yana ƙwadago, yara na wucewa suna gaishe shi da ɗan wasan Kano. Da kaka ta yi, dawar ta shiga rumbun Mudi.

Darasi: Kafin ka yarda da labari, tambayi wa ya gani da idonsa, ba wa ya buga ba. Kada ka bar gonarka sai mai ɗaukarka ya tsaya a ƙofar gidanku. Ku kai wa abokanku wannan, masu kwana suna jiran labarin 'yan ƙwallo.

Tasalla, kwashe kwanukan nan. Kai Surajo, miƙo wayar, a ƙarƙashin matashina za ta kwana. Kowa ya wuce ya kwanta, kada in sake jin tarin wani.